An ce za a rushe kasuwarmu a gina ta zamani: me za mu yi kafin katafila ta iso?

"Assalamu alaikum. Malam, ni ne sakataren ƙungiyar 'yan layinmu a ɗaya daga cikin kasuwannin Zariya. Hatsi muke sayarwa, rumfar kuma gadonta na yi wajen mahaifina. Kwanakin nan an ga wasu mutane da na'urar awo suna zagaya kasuwa, sai magana ta bazu cewa za a rushe ta a gina ta zamani mai benaye. An ce mu za a fara ba shaguna idan an gama, amma har yau ba wanda ya nuna mana takarda. Jama'armu sun rabu biyu: wasu na cewa a garzaya kotu tun yanzu, wasu na cewa a yi shiru kada a ja faɗa da hukuma. Shin akwai dokar da ta kare mu? Me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a nema. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko doka za ta hana a taɓa kasuwar, da kuma yadda za ku yi kada a wayi gari an gama ginin amma wasu ne a ciki. Aikina tsara birane ne, kuma ni ma a bakin rumfa na tashi, don mahaifina ɗan koli ne. Ni ba lauya ba ne, ban kuma ga takardunku ba, saboda haka duk inda na taɓo doka, ka ɗauka hanya nake nuna maka zuwa wajen lauyan da zai duba takardun da idonsa.

Zan fara da abin da na fi tabbatarwa. Yawancin 'yan kasuwar da suka rasa wurarensu a irin wannan aiki, tun kafin ranar rusau suka rasa su: ranar da aka rubuta sunaye ba su nan, ranar da aka yanke farashin shago ba a tambaye su ba, da ranar da aka zaɓa musu wurin zaman wucin gadi a inda mai saye ba ya zuwa. Katafila tana zuwa ne bayan an gama komai a ofis. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a yi shiru, masu gaggawar kotu kuma ina roƙonsu su ɗan dakata su ji ni.

Abin da ake rushewa idan an rushe kasuwa

Duk kasuwar da ke Zariya akwai dalilin da ya zaunar da ita inda take. Ta cikin birni ta rayu ne da mutanen ganuwa da masu shigowa ta ƙofofi, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da sauransu. Ta Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, bayan dogo ya iso a farkon shekarun 1910 kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna kusa da tasha. Har yau muna kiran wannan unguwa PZ, sunan kamfanin Paterson Zochonis ne ya bi wurin. Samaru kuwa cibiyar binciken aikin gona da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, su suka cika ta da masu saye. Ƙafar mutane ce ta zana waɗannan wurare a tsawon shekaru, kuma ƙafa ba ta bin umarnin taswira.

Ka dubi layinku da kyau gobe da safe. Motar da ta ɗauko masara daga Giwa ko Soba ta san inda za ta tsaya. 'Yan dako sun san rumfar wa za su kai buhu ba tare da an faɗa musu ba. Matar da ke tuwon sayarwa tana zuwa ta auni tiya uku bashi, ta biya da yamma, kai kuma ka san ba za ta gudu ba domin shekara goma ke nan kana ganin ta. Idan ta gama da kai, taku kaɗan ne zuwa wajen mai kuka da daddawa, daga nan mai niƙa, daga nan 'yan gwari. Akwai mai adashi da ke zagayawa bayan la'asar, akwai dillalin da ke cin la'ada, akwai yaron da ke ɗinke bakin buhu. Wannan saƙa ita ce dukiyar kasuwa, kuma babu ita a lissafin ɗan kwangila, wanda bulo da siminti da yawan ƙofofin da zai sayar kawai yake ƙirgawa.

A ƙarshen layin mahaifina akwai wata tsohuwa mai daddawa da ke zama a inuwar kwanon rumfar wani mai gishiri. Faifai biyu ne duk kayanta, da ɗan kwando da take rufewa da tsumma saboda ƙuda. Ba ta da rumfa, ba ta da rasit, sunanta ba ya cikin littafin kowa, amma mata da yawa saboda ita suke shigo layin, a kan hanyarsu ta fita su tsaya wajen mahaifina su sayi zare da allura. Duk lokacin da aka ajiye min zanen sabuwar kasuwa a kan tebur, ita nake fara nema a ciki. Sau da yawa ba na samun wurinta.

Kada dai ka ji haka ka zaci ina cewa a bar kasuwa yadda take. Ni da kai mun san yadda kwata ke toshewa da damina, mun san wayoyin wuta da aka jona barkatai a saman kwano, mun san lungunan da baro ma da kyar yake wucewa balle motar 'yan kwana-kwana. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba ta bar mana bakin cewa komai lafiya ba. Idan kuka tsaya a kan "ba ma son gyara", kun ba da kanku, domin mutanen gari za su ga hukuma ce mai gaskiya. Ku ce kuna son gyara, ku ne ma kuka fi kowa buƙatarsa, amma da sharuɗɗa a rubuce.

Me ya sa masu asali ke ƙarewa a waje

Dalilin yana cikin yadda ake samo kuɗin ginin. Galibi gwamnati ba ta zuba kuɗinta. Fili take bayarwa, mai zuba jari ya gina, ya mayar da kuɗinsa da riba ta hanyar sayar da shaguna ko ba da su haya na shekaru masu yawa. Shi kuma bashin banki ya ci da ruwa mai tsada, don haka yana son shaguna da yawa, a sayar da wuri, a farashi mai kauri. Daga nan bene ke fitowa, domin fili ɗaya zai ba shi shago biyu ko uku. Daga nan kuma "ku za a fara ba" ke zama magana mai daɗin ji kawai: an ba ka dama ta farko, amma an ce ka kawo kafin alƙalami mai nauyi cikin 'yan makonni, alhali wata da watanni kana zaune a wurin da ba ciniki, jarinka ya tafi a cefane da kuɗin makaranta. Wa'adi ya cika, mai kuɗi daga waje ya saya, ya dawo ya ba ka haya.

An ga haka a Legas. Kasuwar Tejuosho ta ƙone a Disambar 2007, aka sake gina ta da kyau aka buɗe a 2014, amma farashin shagunan ya fi ƙarfin da yawa daga cikin masu asalin wurin, suka koma gefen titi da bakin layin dogo. A Jos kuwa babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, aka haura shekara ashirin ba a mayar da ita ba, 'yan kasuwa suka watsu kan titunan da ke kewaye. Nan kusa da mu, a ƙarƙashin shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019, an rushe Kasuwar Barci ta Kaduna a watan Maris na 2020, daf da kullen korona. Ina ba ku shawara ku tura mutum uku su yini a can, su zauna da teloli da 'yan gwanjo, waɗanda suka koma da waɗanda ba su koma ba, su tambaye su abin da za su yi dabam da a ce yau ne. Abin da za su ji ya fi duk abin da zan rubuta maka.

Abin da doka ta ba ku, da abin da ba ta ba ku ba

A nan sai an yi haƙuri da gaskiya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin zama a kan fili saboda maslahar jama'a, da sharaɗin a ba da sanarwa. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka gina ne ko aka shuka a kan filin. Ba ta lissafa cinikin da ka rasa ko abokan cinikin da suka watse. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a karɓe dukiyar mutum ba tare da biyan diyya cikin gaggawa ba, ya kuma ba shi damar zuwa kotu a kan adadinta. Sai dai yawancin 'yan kasuwa takardar ba da rumfa ce a hannunsu daga ƙaramar hukuma, da rasit na kuɗin wata ko na shekara. Wannan takarda tana nuna an ba ka izinin zama, ba ta kai takardar mallakar fili ƙarfi ba. Tana da amfani ƙwarai, musamman idan kai ka gina rumfar da kuɗinka da izinin hukuma, amma kada wani ya ruɗe ku cewa ita kaɗai za ta tsayar da aiki har abada.

Akwai wata gaɓa da lauyanku zai so ya duba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya sa kafa kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da tashoshin mota da mayanka. A jihar Kaduna kuma akwai kamfanin gwamnatin jiha mai kula da gina kasuwanni da tafiyar da su, ga KASUPDA mai ba da izinin gini, ga KADGIS mai riƙe da bayanan filaye. Don haka tambayar farko da za ku yi a rubuce ita ce: wa ke da filin nan a takarda, wa ya ba da aikin, kuma da wace yarjejeniya? Ku kai wasiƙar ga ƙaramar hukumarku, ta Zariya ce ko ta Sabon Gari, da waɗannan hukumomi, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Kwafin nan mai hatimi ku adana shi kamar kuɗi.

Kotu tana da ranarta. Tana iya dakatar da rusau idan an tsallake ƙa'ida, kuma sanin cewa kuna da lauya a shirye yana sa a saurare ku. Amma shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma a ƙasar nan an sha rushe wuri magana tana gaban alƙali. Ku ɗauki lauya tun yau, ya duba takardu, ya faɗa muku wa'adin da doka ta gindaya wa mai ƙarar hukuma don kada lokaci ya ƙwace muku, ya shirya komai ya ajiye. A Durban ta Afirka ta Kudu, a 2009, hukumar birni ta so ba masu gina katafaren kanti wata kasuwar kayan gwari da ta kusa shekara ɗari. 'Yan kasuwar sun je kotu, amma ba kotu kaɗai suka riƙe ba: sun haɗa kai da 'yan baro da masu talla a gefen titi, da malaman jami'a da masu zanen gine-gine, har hukumar ta janye a 2011. Indiya kuwa ta yi doka a 2014 da ta hana tashin masu sana'a a titi kafin a ƙidaya su, ta ba su aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kujerun kwamitin da ke tsara wuraren sana'arsu, ta kuma ce kasuwar da ta kafu da kanta ta haura shekara 50 a ɗauke ta kayan tarihi, kada a tashe ta. Wannan doka ba ta aiki a nan, amma ba abin da ya hana ku nemi a sa irin waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniyarku, ko ku kai wa ɗan majalisarku na jiha ya san akwai inda aka yi.

Littafin sunaye

Idan abu ɗaya kawai za ku iya yi a wannan wata, ku ƙidaya kanku. Na taɓa aiki a wani gari inda aka ba mu jerin sunayen 'yan kasuwa daga ofis, muka shiga da shi layi-layi muna kira. A wani layin muka kira suna bakwai a jere ba wanda ya taɓa jin su, ga kuma mutane zaune a rumfunan suna kallonmu, sunansu babu. Wani dattijo mai sayar da igiya ya shiga cikin rumfa ya fito da wata tsohuwar jakar fata, ya zazzage rasit a kan tabarma, wasu sun yi ja don tsufa, wasu tun da sunan mahaifinsa. Shi mun iya tsaya masa. Maƙwabcinsa da ya ce ambaliya ta cinye nasa, ba shi da ko hoto, mun sha wuya kafin a yarda da shi, kuma har yau ina jin nauyin waɗanda ba mu iya ceto ba.

Ku sayi babban littafi, ku kuma ajiye kwafi a waya da kwamfuta. Kowane mutum a rubuta sunansa, layinsa, lambar rumfa, abin da yake sayarwa, shekarar da ya fara zama, a ɗauke shi hoto a tsaye a bakin rumfarsa, maƙwabta biyu su sa hannu. A ɗauki hoton kowace takarda da rasit. Sannan a kafe jerin a bainar jama'a, a bakin masallacin kasuwa misali, na mako guda, don mai ƙorafi ya yi magana.

Wurin da za ku sha gardama shi ne wa zai shiga littafin. Masu rumfa za su ce su kaɗai. Ni ina roƙonku ku sa kowa: ɗan haya da ya shekara goma sha biyar yana biyan mai rumfar da ke zaune a Abuja, 'yan tebur, mata masu faifai, mahauta, 'yan dako da 'yan baro, kowa da rukuninsa. Adalci ne, kuma dabara ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi shiga ta ita ce tsakanin mai rumfa da ɗan haya, sai tsakanin shugabanni da mabiya. Abin da na gani da idona shi ne a kira shugabanni biyar gefe, a yi musu alkawarin shagunan bakin ƙofa, washegari su dawo suna cewa jama'a a yi haƙuri. Maganinsa ku yi ƙa'ida tun yanzu, kowa na ji: ba mai zuwa ganawa shi kaɗai, duk abin da aka tattauna a karanta wa taro, kuma shugabanni su ne na ƙarshe da za su karɓi shago. A sa mata cikin kwamitin, a sa waɗanda ba Hausawa ba, domin kasuwa irin ta Sabon Gari da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu aka gina ta tun farko. Idan ƙungiyarku ba ta da rajista, ku yi mata, ko a matsayin ƙungiyar gama kai a jiha ko a Hukumar Rajistar Kamfanoni, don ta iya sa hannu a yarjejeniya ta kuma shigar da ƙara da sunanta.

Abin da za ku nema a teburin sulhu

Ku fara da tambayar ko dole ne a rushe gaba ɗaya. Sau da yawa abin da kasuwa ke buƙata shi ne a buɗe hanyoyi biyu ko uku da motar kashe gobara za ta bi, a gina magudanan ruwa, a sake wayar wuta, a kawo ruwa da banɗaki, a canza rufi. Wannan yana taɓa rumfuna kaɗan, waɗanda za a iya sake wa wuri a cikin kasuwar. Kuna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: sashen tsara birane da na zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ku je ku nemi malami ya kawo ɗalibansa su auna kasuwar, su zana muku tsarin gyara. Wanda ya zo taro da nasa zanen, ba a yi masa kallon mai kuka kawai.

Idan an dage sai sabon gini, to a yi shi kashi-kashi: a gama ɓangare ɗaya, masu shi su koma, sannan a taɓa na gaba. Wurin wucin gadi ya kasance a jikin kasuwar, a kuma gama shi kafin a cire kwano ɗaya. A guji tashin mutane ana gab da azumi ko salla ko tsakiyar kaka, lokacin da ɗan kasuwa ke haɗa ribar shekara. Farashi kuwa a rubuta shi da lamba tun kafin rusau, na masu asali dabam da na baƙi, da tsarin biya a hankali na shekaru wanda ba ruwa a ciki, tunda da yawa cikinku ba za su karɓi bashi mai ruwa ba ko an ba su. A rubuta ranar gamawa, da abin da zai hau kan mai ginin idan ya saɓa. Kowa ya san lambar sabon shagonsa a kan zane kafin ya bar tsohon.

Ku kuma sa ido a kan zanen kansa, don a nan ku kuka fi injiniya sani. Buhun masara mai kilo ɗari ba ya hawa bene, mai sayen tiya ɗaya ma ba zai hau ba. Hatsi da kayan gwari da nama ƙasa suke so, da inuwa da iska, da wurin da babbar mota za ta juya ta sauke kaya. Sama a bar wa teloli da masu gyaran waya da ɗakunan ajiya. A ware rumfuna buɗaɗɗu masu araha na 'yan tebur da masu faifai, a kan hanyar da mutane ke bi, kada a tura su bayan banɗaki. Layukan da suke ciyar da juna a bar su kusa da juna.

Kada ku tsallake fada. Ku bi ta hannun Sarkin Kasuwa da hakimi har maganar ta isa gaban Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli. Fada ba ta ba da kwangila, ba ta kuma soke ta, amma alkawarin da aka ɗauka a gabanta yana da wuyar musantawa. Ku gayyaci 'yan jarida na rediyo su zo su ga littafin sunayenku da zanenku, ku yi magana da ladabi, ku hana matasa ɗaukar doka a hannu, domin dutse ɗaya da aka jefa ya isa a ce da ku 'yan tada zaune tsaye a rufe ƙofar tattaunawa.

Ba zan yi maka alkawarin cewa idan kun yi duk wannan ba wanda zai yi asara ba, Malam Sakatare. Na ga inda aka yi komai daidai, mai ginin ya tsaya a rabi saboda kuɗi sun yanke masa, mutane suka shekara uku a ƙarƙashin tamfol. Shi ya sa nake nanata a yi kashi-kashi: ko aiki ya tsaya, mafi yawan kasuwa tana nan tana ci. Idan kun samu amsar wasiƙarku, ko kwafin zanen, ka turo min in duba muku inda aka sa 'yan hatsi da inda motocinku za su sauke kaya.